Darasin Lafiya: Idan Likita Ya Ce Za a Cire wa Yaro Tsokar Bayan Hanci

'Yan'uwa manoma, a darasin wannan wata za mu bar zancen taki da iri, mu shiga cikin ɗaki. Kusan kowane ƙauye akwai yaron da kowa ya san barcinsa. Yana minshari kamar babban mutum, bakinsa a buɗe dare da rana, majina ba ta yankewa. In ana cin tuwo shi ne na ƙarshe, gama ba ya iya tauna da numfashi a lokaci ɗaya. A makaranta malam ya ce ba ya sauraro, a gida a ce taurin kai ne. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Wata tsoka ce ta kumbura can bayan hancinsa.

Likitoci suna kiran wannan tsoka adinoyid. Kowane yaro yana da ita. Tana can sama, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro, kuma ko an buɗe baki an haska tocila ba za a gan ta ba. Aikinta shi ne taimakon jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta a shekarun ƙuruciya. Takan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ta riƙa raguwa, har kafin yaro ya balaga ta kusa ɓacewa. Amma a wurin waɗansu yara takan yi girma har ta tare hanyar iska. Har wa yau akwai wata 'yar hanya da ta taso daga cikin kunne ta ɓullo kusa da ita. In tsokar ta danne bakin hanyar, ruwa yakan taru a kunne, yaro ya rage ji, ko kunnen ya riƙa ciwo yana zubar da ruwa. Wani likita na ƙasar Denmak, Wilhelm Meyer, shi ne ya bayyana wannan ciwo a shekara ta 1868, ya kuma nuna cewa in an cire tsokar ji yakan komo. Ashe aikin ba sabo ba ne.

WANNAN BA BELI BA NE

Tilas mu tsaya a nan, domin a nan ne yawancinmu muke kuskure. In yaro yana tari ko ramewa ko minshari, abin da aka saba shi ne a ce beli ne, a kira wanzami. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiyar maƙogwaro, wanda kowa ke gani. Tsokar da muke magana a kai tana sama da shi, a ɓoye. Aska ba ta kai wurin. Wanzami zai yanke beli, yaro ya sha zafi, jini ya zuba, da dare kuma a ji minsharin nan yana nan yadda yake. Ban da haka akwai hatsarin zubar jini mai yawa, da cutar sarƙe-haƙora, da ciwon hanta da ƙanjamau waɗanda ƙarfe ɗaya ke iya ɗauka daga wannan yaro zuwa wancan. Ba raina sana'ar kowa muke yi ba, wanzaman nan maƙwabtanmu ne, waɗansu ma 'yan ƙungiyarmu ne. Amma wannan aiki ba nasu ba ne.

Kuma ba kowane mai minshari ake yi wa aiki ba. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai duba, wani lokaci ya ɗauki hoton wuya daga gefe, ko ya zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci. Yana iya fara ba da maganin fesawa a hanci na waɗansu makonni, ya ce a komo. Abin da yakan sa ya ce a yi aiki shi ne in numfashin yaro yana tsayawa cikin barci, watau ya yi minshari, ya yi shiru, ƙirji yana ja amma iska ba ta shiga, sa'an nan ya farka da firgita. Ko in kunne ya ƙi warkewa, ji yana raguwa. Irin wannan yaro ba ya samun barcin kirki, don haka girmansa yakan tsaya, wani ma yakan yi fitsarin kwance bayan ya wuce shekarun yinsa. Masu wayar da ke ɗaukar hoto, ku ɗauki yaron yana barci na minti biyu ko uku, ku nuna wa likita. Wannan ya fi dogon bayani.

Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jos, da Sakkwato, da Maiduguri, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Malamin asibitin da ke kusa da ku shi zai ba ku takardar zuwa.

Aikin kansa gajere ne. Ana sa yaro barci da magani, a bi ta baki a cire tsokar, a tsai da jini. Ba a tsaga fuska ko wuya, ba ɗinki a waje. Yakan ɗauki kamar rabin awa. Abin da ya fi shafarmu mu iyaye shi ne kwanakin da ke gaba da aikin da kuma makon da ke bayansa, gama waɗannan a hannunmu suke, ba a hannun likita ba.

ABIN DA LIKITA YAKE BUKATA YA JI

Mun lura mutanenmu in sun shiga ofishin likita sukan yi shiru, su amsa abin da aka tambaya kawai. Kunya ce, amma a nan ba ta da amfani. In yaron yana da sikila, wadda waɗansu ke kira amosanin jini, a faɗa tun ranar farko. In ba a sani ba a gwada. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, kuma yaran da ke da shi sukan yi fama da kumburin wannan tsoka. Ana yi musu aikin, sai dai da shiri na musamman: a kwantar da su tun kafin ranar, a yi musu ƙarin ruwa, wani lokaci har da ƙarin jini.

A faɗa kuma in yaron ya taɓa zubar da jini da ya ƙi tsayawa, ko wajen kaciya, ko cire beli, ko wani ɗan rauni, ko kuwa akwai mai irin wannan a dangin uwa ko na uba. In wani a gidan ya taɓa shan wahala da maganin barci na asibiti, a faɗa. In an haifi yaron da tsaga a ganɗa, ko ruwa yakan fito masa ta hanci in yana sha, wannan magana ce babba, domin cire tsokar duka yana iya ɓata masa murya. In yana famfara, a nuna haƙorin da ke girgiza, kada ya faɗa maƙogwaro lokacin aiki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ake ba shi a gida, kada a ɓoye. Likita ba zai kai ku ƙara ba, so yake ya san abin da ke cikin jikin yaron.

Za a gwada yawan jininsa, sau da yawa a duba zazzaɓin cizon sauro. In jini ya yi ƙasa za a ɗaga ranar har ya samu ƙarfi. Haka kuma in ranar ta zo yaro yana zazzaɓi ko tari mai nauyi, za a ce ku koma gida. Mun san ciwon wannan, an biya kuɗin mota an bar aiki. Amma maganin barci a kan ƙirjin da ke da mura hatsari ne, kuma likitan da ya ɗaga ranar ya kyauta muku. Don haka ku karɓi lambar wayar sashen, ku kira kafin ku taso.

YADDA ZA MU GAYA WA YARON

Da yawa a cikinmu mun taɓa ce wa yaro, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." To, ga shi ranar ta zo. Yaron da aka rena da wannan magana zai ɗauka horo ne ake yi masa saboda wani laifi. Abu na farko shi ne a bar wannan barazana a gidan gaba ɗaya, har da yayyensa da ke tsokanarsa.

Abu na biyu, kada a yi masa ƙarya. Kada a ce kasuwa za a je, ko gidan Goggo, sai ya ga kansa a hannun baƙi masu rufe fuska. Yaron da aka yaudara haka yakan yi kokawa ƙwarai lokacin sa barci, bayan an komo gida kuma yakan daɗe bai yarda da uwarsa ba, ya riƙa firgita da dare. Mai shekara 2 ko 3 a gaya masa ana gobe ko jibi, gama bai san lissafin kwanaki ba. Mai shekara 4 zuwa 7 a ba shi kwana huɗu ko biyar, ya samu damar yin tambaya.

A lura da kalmomi. Kada a ce "za a yanka ka". Yaron ƙauye ya ga an yanka kaza, ya ga an yanka akuya, ya san abin da ya biyo baya. Uwa tana iya zaunar da shi ta ce, "Ka san yadda hancinka yake toshewa da dare? Akwai wani ɗan nama a ciki da ya tare hanya. Likita zai cire shi. Zai sa maka wani abu kamar ƙoƙo a hanci, ka hura, ka yi barci, ba za ka ji kome ba." In ya ce, "Mama, zai yi zafi?" amsar gaskiya ita ce, "In ka tashi maƙogwaronka zai yi ɗan ciwo kamar na mura, za a ba ka magani, ni kuma ina nan kusa da kai." In ya tambaya ko zai farka, a ce masa lalle zai farka, barcin magani ne, akwai likita guda wanda aikinsa ke nan kawai, ya tsaya a kansa har ya tashi.

Wasa yana taimako fiye da yadda muke zato. A ɗauki ɗan ƙoƙo ko murfin roba, a sa wa 'yartsana a fuska, a ce ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta yi barci. A bar yaron ya zama likita, Baba ya zama majiyyaci. Ranar tafiya a ɗauki zanen da ya saba da shi, ko wani abin wasansa. Wanda zai raka shi kuwa ya zama wanda zai iya daurewa. Uwar da ta fashe da kuka a ƙofar ɗakin tiyata ta gaya wa ɗanta cewa mugun abu na zuwa. In ta san ba za ta iya ba, ba abin kunya ba ne, uba ko innarsa su kai shi ƙofar. Uban kuma ya kasance a wurin domin sa hannu a takarda, ko a shirya tun da wuri wanda zai sa.

CIKI BA ABINCI

Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa, kuma karya ta yana iya kashe yaro. Sa'ad da mutum yake cikin barcin magani, ba ya iya tari ko haɗiya. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu. Abin da yawancin asibitoci ke bi shi ne: abinci da madara da nonon shanu, a tsaya awa 6 kafin aiki, nonon uwa, awa 4, ruwa zalla, awa 2. Kunu abinci ne. Koko abinci ne. Shayi da madara abinci ne. In asibitinku sun ba ku waɗansu awoyi dabam, nasu za ku bi.

Matsalar ba daga uwa take fitowa ba sau da yawa. Daga Kaka take, ko wata mai jinya a gadon kusa, da ta ga yaro yana kukan yunwa ta miƙa masa ƙosai don tausayi. Saboda haka tun a gida a zauna da tsofaffi a yi musu bayani da ladabi: "Kaka, likita ya ce ko loma ɗaya ta shiga, aikin ya ɓaci." A kawar da kwanuka daga inda zai kai hannu, kada kuma a ci abinci a gabansa. In kuwa duk da haka ya ci wani abu, a gaya wa nas. Za ta yi faɗa, za a ɗaga aikin, amma yaron yana da rai. A wani gefen kuma, kada a wuce gona da iri a hana shi ruwa tun magariba alhali aikin sai tsakar rana. Ku tambayi ƙarfe nawa ne ƙarshen shan ruwa, ku ba shi har zuwa lokacin.

BAYAN AIKI

Yara da yawa sukan farka da kuka da shure-shure, har kamar ba su gane uwarsu ba. Maganin ne bai gama sakinsu ba. Yakan wuce cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Kada a ce aljanu ne, kada a girgiza shi, a riƙe shi a hankali a yi masa magana. Yana iya yin amai sau ɗaya ko biyu, har da baƙin tsohon jini da ya haɗiye. In nas ta yarda, a fara ba shi ruwa kaɗan kaɗan.

Waɗansu asibitoci sukan sallama a ranar, waɗansu a kwana. Ƙananan yara ƙasa da shekara 3, da masu sikila, da waɗanda numfashinsu ke tsayawa sosai cikin barci, akan riƙe su. Shawararmu ga wanda gidansa ke nesa ita ce ko an sallame shi ya kwana a garin, wurin dangi ko wani ɗan'uwa. Zubar jini bayan wannan aiki ba kasafai ba ne, amma in zai zo ya fi zuwa a yini da daren farko, kuma ba a son ya same ku a ƙauyen da sai an tsallake rafi. In an haɗa da cire ƙwayoyin nan biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, abin ya fi nauyi: ciwon ya fi, jinyar mako biyu ce, kuma jini yana iya ɓallewa tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon mikin ke faɗuwa.

Maganin ciwo shi ne farasitamol, bisa ga nauyin yaro, kamar miligiram 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Ku sa nas ta nuna muku ma'aunin a kan sirinji ko murfin kwalba, gama cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. A kwana biyu na farko a ba shi a kan lokaci, kada a jira sai ya yi kuka, domin yaron da maƙogwaronsa ke ciwo ba zai sha ruwa ba. Asfirin haram ne a nan, yana hana jini daskarewa, kuma ba a ba yara ƙasa da shekara 16. Ku yi hankali da ƙullin magungunan da masu talla ke haɗawa a kasuwa, da garin ciwon kai na cikin takarda, sau da yawa akwai asfirin a ciki. Haka kuma kodin. A shekara ta 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi a kan ba yara kodin bayan irin wannan aiki, saboda waɗansu sun mutu cikin barci. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. In wani ya kawo muku, ku ƙi.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a kwanakin farko, tafasasshe wanda ya huce a randa. Abinci kuwa mai laushi, mai ɗumi ba mai zafi ba: kunun gyaɗa, fate, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba barkono, dafaffen ƙwai, ayaba, gwanda. Ƙuli-ƙuli da gugguru da rake su jira. In tsokar bayan hanci kaɗai aka cire, yawancin yara sukan koma cin abincin gida cikin kwana biyu ko uku.

Akwai abubuwan da ke tsorata iyaye alhali ba kome ba ne. Bakin yaron zai yi wari ƙwarai har mako ɗaya ko biyu, mikin ne ke warkewa. Hanci zai toshe, minshari ma yana iya ci gaba na 'yan kwanaki saboda kumburi, kada ku ce an cuce ku. Kunne yana iya ciwo, wuya ya ɗan yi tsami, jiki ya yi ɗumi a rana ta farko ko ta biyu. Murya takan canja, ta riƙa fita ta hanci, yawanci takan daidaita cikin 'yan makonni. Kada a ɗura masa kome a hanci, ko man shanu ko garin magani, kada a yi masa turare ko surace, kada kuma ya fyace majina da ƙarfi har mako guda.

Amma ga waɗanda ba a kwana da su. Jan jini sabo daga hanci ko baki, ko aman jini. Yaron da ke ta haɗiya ba ya cin kome, gama yana yiwuwa jini ne yake haɗiyewa. Numfashi da wahala, ko barcin da aka kasa tashe shi. Ƙin shan ruwa har ya yi awa 8 bai yi fitsari ba. Zazzaɓi mai zafi ko wanda ya wuce kwana biyu, wanda a ƙasarmu tilas a gwada ko na sauro ne. Wuya ya sandare ko kai ya karkace gefe guda ya ƙi juyawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, a riƙe takardar sallama a hannu.

Yaro ya huta a gida mako guda, ba makaranta, ba kiwo, ba wanka a rafi sai likita ya yarda. A nisantar da shi daga hayaƙin murhu da ƙaiƙayin sussuka da masu mura. Ya kwana cikin gidan sauro, kusa da babba mai saurin farkawa.

INA ƘUNGIYA TA SHIGO?

Iyali ɗaya ba su iya ɗaukar wannan su kaɗai ba tare da gona ta sha wahala ba. Akwai zuwa na farko, da na gwaji, da na aiki, da na komawa. In likita ya ce ba gaggawa, a zaɓi lokaci tare da shi. Da damina hanya takan ɓaci, ga noma ya riƙe kowa. Bayan kaka akwai kuɗi a hannu, sai dai hunturu yakan kawo ƙura da mura, a yi ta ɗaga rana. Amma in numfashin yaro yana tsayawa da dare, kada a ce sai an girbe dawa. A nan ne asusun ƙungiya zai yi amfani, a ba da rance a biya bayan girbi, a kuma yi wa uban gayya a gonarsa. Sakatare ya bincika a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma ko shirin inshorar lafiya na jiharku yana ɗaukar irin wannan aiki, da kuma yadda ake shiga.

A taronku na wannan wata ku tsai da magana a kan abu uku. Wane ne mai babur ko mota da za a iya tasa da dare, nawa ne kuɗin mansa? Su wane ne za su yarda su ba da jini in asibiti ta nema? Wace ce za ta kula da sauran yaran gidan sa'ad da uwar take asibiti? A rubuta sunayen a littafin ƙungiya.

Ranar da likita ya sa a komo, a koma ko da yaron ya warke sarai, musamman domin a sake gwada jinsa. Tsokar takan sake tsirowa a wurin yara kaɗan, ya fi faruwa ga waɗanda aka yi wa aikin suna ƙanana ƙwarai. In bayan wata uku minsharin ya komo ko bai tafi ba, a sake kai shi wurin likitan da ya yi aikin.